Amsa ga mai son sayen babbar jip ta Turai: na riƙe irinta shekara uku a Kumasi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka ga wata babbar jip ta Turai, hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, ƙirar 2014, a wajen masu sayar da motoci a hanyar Tafo, kuma kuɗinta bai ma kai na Prado mai shekarunta ba, shi ne kake tambaya ko ka saya. Na ga wasu sun ce maka ka gudu, wasu sun ce ai namiji ba ya tsoron mota. Ni dai na riƙe irinta daga 2019 zuwa ƙarshen 2022, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Gaskiya motar akwai daɗi, ba zan ci haƙƙinta ba. Ran da na fara ɗora ta kan hanyar Accra, na wuce Ejisu, na wuce Konongo, ban san na yi tafiya ba. Ba ka jin ƙarar waje, ba ka jin gargada, kujera kamar ka zauna a falo. In ka shigo Aboabo da ita yara har bin ta suke yi, wanda bai taɓa gaishe ka ba sai ya ce maka Alhaji tun kafin ka ga Makka. Wannan daɗin shi ne ya sa na yi ta haƙuri da ita har shekara uku, da ba don shi ba da ko shekara ba ta yi a hannuna ba.

Wata na biyar ta fara nuna hali. Ranar ɗaurin auren 'yar yayana ce, ni aka sa zan ɗauki iyaye mata. Na fito bayan sallar asuba, sai na tarar da ita ta durƙusa a tsakar gida kamar raƙumi, gaba ya kwanta a kan taya, ko yatsa ba ya shiga tsakanin taya da bodi. Na tada ta, na ji wani abu yana gurnani a ƙasa, ta ɗan ɗaga, ta sake komawa. Ƙarshe a tasi biyu na kai tsofaffin nan, ina sanye da babbar riga, gwaggona tana tambayata ina motar da ake ta ba ta labari.

A ranar na san cewa irin waɗannan motoci ba sifirin na ƙarfe ke ɗauke da su ba. Kowace taya tana da jakar roba da ake hura wa iska, akwai ɗan injin da ke hura iskar, akwai kuma na'urorin da ke auna tsayin motar suna gaya wa kwamfuta. Roba kuwa tsufa take yi, zafinmu da ƙurar hunturu suna ƙara mata sauri. In jaka ɗaya ta fara yoyo, injin hurawar sai ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Ni ban sani ba, na yi wajen sati biyu ina jin gurnanin nan ina cewa ai haka take. Da na canza jaka ɗaya tun farko da an gama, sai ga shi na sayi jaka biyu da injin hurawa. Bayan wata bakwai na baya suka bi sahu. Wasu suna cire kayan iskar gaba ɗaya su sa sifirin, hankali ya kwanta, amma laushin nan da ka sayi motar dominsa ya tafi ke nan.

Abin da ya fi cin raina shi ne wuta. Motar nan kwamfutoci ne cike da ita, kowacce tana magana da 'yar'uwarta. Batir ya ɗan yi rauni kaɗan, sai ka ga fitilu sun kunno a gabanka kamar daren Sallah: birki, giya, sitiyari, duk lokaci guda, alhali babu abin da ya lalace sai batirin. Wata rana kuma babu wata fitila, amma ta ƙi wuce gudun keke. Na taɓa kai ta wajen wani mai na'urar duba mota, ya jona, ya danna, fitilu suka mutu, ya karɓi kuɗinsa. Ban kai shataletalen Suame ba suka dawo. Goge saƙon kawai ya yi, ciwon yana nan. Sai daga baya wani tsohon masta, wato babban makaniki, ya ɗaga kafet ɗin gefen direba, ya nuna mini wayoyi sun yi kore da tsatsa, ya shinshina, ya ce mini, Alhaji, motar nan ta sha ruwa tun kafin ta hau jirgi.

A nan nake so ka buɗe kunne. Da yawa daga motocin da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema an sayo su ne a gwanjo a Amurka ko Kanada, wasu sun yi haɗari, wasu ambaliya ta ci su, inshora ta sallama su. A gyara bodi, a fesa fenti, a wanke ciki, ka rantse daga kamfani ta fito. Ƙaramar mota mai sauƙin wayoyi tana iya jure wannan. Wannan kam ba ta yafewa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka kwafe ta, ka biya ɗan kuɗi a duba maka tarihinta a intanet, a shafuka irin su Carfax, sau da yawa har hotunanta na wajen gwanjo za ka gani. Ka kuma tabbata lambar ta yi daidai da takardun kwastan da na DVLA, hukumar rajistar motoci. Ba don fito kaɗai ba. Hukumar EOCO, mai yaƙi da laifukan tattalin arziki a Ghana, ta sha kwashe manyan motoci da aka sato daga Amurka da Kanada, kuma irin waɗannan na alfarmar ake nema. In aka zo ɗauka, ba ruwan kowa da cewa da guminka ka saya.

Maganar kayan gyara kuwa, kar girman Magazin, unguwar makanikai da masu kayan gyara ta Suame, ya ruɗe ka. Gaskiya ne babu abin da mutanen Suame ba sa iya yi da ƙarfe, kuma in Toyota ce ko Hyundai, kafin ka gama shan koko an kawo maka abin da kake nema. Tawa ba haka ba. Sai a buga waya Abossey Okai, kasuwar kayan gyara ta Accra, in babu a ce sai Dubai ko Ingila, ka jira sati uku, wani lokaci ya iso a ga ba nata ba ne, na shekarar da ta biyo baya ne. Kuma komai da dala ake lissafa shi. A 2022 sidi ya tashi daga wajen 6 a dala ɗaya a farkon shekara zuwa sama da 13 a watan Nuwamba. Farashin da aka gaya maka ran Litinin ba shi ne na ran Juma'a ba.

A shekarar ne ma ta yi mini wanda ya sa na haƙura. Muna dawowa daga Accra da iyali, mun kusa Nkawkaw, sai na ji wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi yana shigowa. Kafin in samu wajen fakawa tururi ya turnuƙe gaba. Wani bututun ruwa ne na roba mai tauri ya tsage, abin da bai fi tsawon hannuna ba. Injin irin waɗannan alminiyan ne, ba ya jure zafi, minti kaɗan kan injin ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Muka zauna bakin titi da yara uku har magariba muna jiran janwe, uwargida ba ta ce mini uffan ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Motar ta yi wata biyu a gareji. Bayan ta fito, duk tafiyar da ta wuce Ejisu sai in ari motar ƙanena. Ka ga mutum yana da mota a gida, yana biyan inshora, yana biyan mai gadi, amma yana tsoron hawanta. Kuɗin gyara na iya jurewa, wannan rashin yardar ne ya gajiyar da ni.

Ban ce duk laifin motar ba ne. Na zuba mata baƙin mai na gama-gari sau biyu don na ga nata ya yi tsada, yaran gareji sun sha cika mata lagireto da ruwan leda, tayoyin nan nata masu siririn gefe kuma ba don ramukanmu aka yi su ba, rim biyu na fasa. Na san wani dattijo a Asawase da yake da irinta har yau lafiya lau, amma makaniki ɗaya ke taɓa ta, yana canza abu kafin ya lalace, kuma yana da wasu motoci biyu a gida.

Don haka ga amsata. In ita ce za ta zama motarka guda, da ita za ka je kasuwa, ka kai yara makaranta, ka kai mai naƙuda asibiti cikin dare, kar ka saya. In kana da wata, kuma bayan ka biya kuɗinta za ka iya ware wani kaso mai kauri ka ajiye don gyara ba tare da ka taɓa jari ba, to je ka gani. Amma ka je da sassafe kafin su tada ta, ka ga ko ta kwana a tsaye, ka ji ƙarar injin yana sanyi, in akwai kacau-kacau na kaca a daƙiƙun farko ka juya. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ramin safaya, ka duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko akwai tsatsa. Ka je da mai na'urarka, ba nasu ba.

Turo mini lambar shasin. In tarihinta ya fito da kyau, ran Asabar bayan azahar ina Magazin, sai in haɗa ka da tsohon mastan nan ku je ku gan ta tare.