Abin da ya sa na hana ka ba shi diklofenak

Ka tambaye ni, yarona, me ya sa na hana ka ba bawan Allahn nan diklofenak alhali ciwon baya ya kawo, kuma kullum muna sayar da shi. Dalilin yana cikin amsar da ya ba ni lokacin da na tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya sassauta murya ya ce yana karɓar na wata-wata a asibiti, ya ɗan nuna mini robar daga aljihu. TLD ce, maganin cuta mai karya garkuwar jiki.

Ƙwaya ɗaya ce amma magani uku ne a ciki: tenofobir, lamibudin da dolutegirabir. Ita ce mafi yawan masu cutar suke sha a Najeriya yanzu, kyauta ake ba su a wurare irin su Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, kuma ta raya mutane da yawa. Sai dai tenofobir ta ƙoda yake fita. A wasu mutane yana raunana ƙananan hanyoyin da ke mayar wa jini abubuwa masu amfani bayan an tace shi, sai suga da sinadarin fosfet su riƙa zuba cikin fitsari. Shi ya sa za ka ga an sami suga a fitsarin mutum alhali ba shi da ciwon suga. Fosfet kuwa da shi ƙashi yake ƙarfi, idan ya daɗe yana zuba sai ciwon ƙashi da kasala su biyo baya. Ka ga ke nan ciwon bayan da ya kawo ma yana iya zama alama.

To, diklofenak da ibufurofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ka ɗora su a kan tenofobir, ga zafin Kano na watan Afrilu, mutum ya yini a kasuwar Kwari yana gumi bai sha ruwan kirki ba, ai an taru an yi wa ƙoda rubdugu. Haka allurar jentamaisin ta kashe ƙwayoyin cuta, ita ma tana yi wa ƙoda illa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne "a haɗa mini na ciwon jiki", inda yaran kemis suke zuba kala biyu ko uku na dangin diklofenak a leda. A shagon nan ban yarda da shi ba. Farasitamol na ba shi, na ce ya koma asibitinsu ya nemi gwajin kiriyatinin a jini, wato dattin da ƙoda ke tacewa wanda yake hawa idan ta raunana, da gwajin fitsari.

Gwajin ne gaskiya, domin ƙoda ba ta saurin yin ƙara. Kafin a ga kumburin ƙafa ko fitsari mai kumfa, sau da yawa an yi nisa. Ka fi sa ido a kan dattijo, da ramamme, da mai hawan jini ko ciwon suga.

Amma kul, kada ka taɓa ce wa mutum ya daina shan maganinsa. Ita kanta cutar tana lalata ƙoda idan aka bar ta, kuma mai ciwon hanta nau'in B idan ya yanke tenofobir hantar tana iya tashi da ƙarfi. Likita ne zai duba, idan awon tacewar ƙodar a gwaji ya sauka ƙasa da 50 yakan canza masa zuwa wani, kamar abakabir. Dolutegirabir ma yana ɗan ɗaga kiriyatinin a makonnin farko ba tare da ya taɓa ƙodar ba, don haka kada ka karanta wa kowa takardar gwaji ka tayar masa da hankali.

Idan za ka yi tambayar, ka jira layi ya ragu, ka matso kusa da shi, ka ce "akwai maganin da kake sha kullum?" Abin da ya faɗa maka kuma ko abokin aikinka kada ya ji.