Hukuncin Goyon Bayan Dokar Hana Zubar da Ciki Bayan Mako 20

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka. Majalisar jiharmu tana muhawara kan wani ƙudiri da zai hana zubar da ciki bayan mako 20, sai idan ran uwa yana cikin haɗari. A masallacinmu ana tara sa hannun masu goyon baya, amma ɗaya daga cikin masu yi mana wa'azi ya ce kada mu sa, domin keɓe ran uwa da aka yi shi ma ya saɓa wa shari'a. Ya halatta in sa hannu? Kuma Malam, ni ma ina da juna biyu, mako 17 a lissafin asibiti, gwajin jini ya nuna akwai yiwuwar ɗan tayin yana da galahanga, wato Down syndrome. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. Tunda an ce sai wata huɗu ake busa rai, kuma ko dokar ta wuce ina da sauran lokaci, shin ina da zaɓi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya, ya yaye miki wannan damuwa. Kin sa maganar ƙudiri a gaba, kin bar taki a ƙarshe, amma da taki zan fara, domin ita ce ba ta jira.

Abu na farko shi ne lissafi. Kwana 120 ɗin da malamai suka ɗauko daga hadisin Ibn Mas'ud ana ƙirga su ne daga ranar da ciki ya shiga. Asibiti kuwa, ke kin fi ni sani, daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe yake fara ƙirge, wato yana gaba da kimanin kwana 14. Mako 17 na asibiti kwana 119 ne, idan aka cire 14 saura 105. Kwana 120 na shari'a zai cika ne a wajen mako 19 da kwana ɗaya na katin asibiti. Saboda haka mako 20 da kike kallo a matsayin iyaka ya riga ya wuce lokacin busa rai. Kuma ki duba yadda aka rubuta ƙudirin naku da kyau. Irinsa na tarayya, wanda majalisar wakilan Amurka ta amince da shi a 2013 da 2015 da 2017 amma bai tsallake majalisar dattawa ba, daga shigar ciki yake ƙirga makonsa 20, wato kwana 140 ke nan, mako 22 a lissafin asibiti. Wadda ta ɗauki iyakar doka ta mayar da ita iyakar addini za ta iya kashe rai tana zaton tana cikin lokaci.

Bayan busa rai zubar da ciki haram ne da ijma'in malamai. Kafin nan ma ba ƙofa ce a buɗe ba. Abin dogaro a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shaikh Dardir ya faɗa, shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba. Waɗanda suka sassauta a zamaninmu sun yi ne da sharuɗɗa masu nauyi. Majalisar fiƙihu ta Rabita, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 1410 bayan Hijira, wato 1990, ta halatta zubarwa kafin kwana 120 idan kwamitin ƙwararrun likitoci amintattu ya tabbatar, bayan bincike, cewa ɗan tayin yana da mummunar naƙasa wadda ba ta da magani, kuma idan ya rayu rayuwarsa za ta zama azaba gare shi da iyalinsa, sannan iyayen biyu su ne suka nema.

To auna halinki da waɗannan sharuɗɗa. Abin da ke hannunki gwajin jini ne, shi kuwa yiwuwa kawai yake nunawa, shi ya sa likitoci suke bin sa da gwajin ruwan mahaifa kafin su yanke magana. Ba a taɓa rai a kan zato. Ko da an tabbatar ma, galahanga ba ta shiga irin naƙasar da ake nufi. Masu ita suna rayuwa, suna girma, suna sanin iyayensu, suna koyon karatu da salla da sana'a gwargwadon halinsu, da yawansu suna kaiwa shekara 50 zuwa 60, ciwon zuciyar da yakan zo tare da ita kuma ana yi masa tiyata. Wannan daban yake da jaririn da aka halitta ba ƙoƙon kai da mafi yawan ƙwaƙwalwa, wanda ba ya rayuwa bayan haihuwa sai ɗan lokaci. Don haka amsar tambayarki ita ce, bisa abin da kika bayyana, ba ki da izinin zubar da wannan ciki, a yau ko bayan mako biyu.

Na san wannan magana tana da nauyi a kanki. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne cewa ba ki gaya wa maigidanki ba. Kada ki kwana da wannan kaya ke kaɗai. Ɗansa ne, yana da haƙƙi a kansa, ke ma kina da haƙƙin ya ɗauki rabonsa na damuwar. Sirrin da aka riƙe a irin wannan hali shi Shaiɗan yake amfani da shi ya nuna wa mutum hanya guda ce tak ta rage. Kuma da yake kina aikin asibiti, magunguna da hanyoyi sun fi kusa da ke fiye da sauran mata, ki ji tsoron Allah a kan wannan kusanci. Yin gwajin tabbatarwa don ku shirya wa haihuwa, a duba zuciyar jaririn, a zaɓi inda za ki haihu, babu laifi, in kun tattauna da likita kan ɗan haɗarin ɓari da ke tattare da shi.

Sai maganar sa hannu. Ya halatta, kuma ina ganin ya dace. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncinta na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki, a watan Yunin 2022, a shari'ar da ta taso daga dokar mako 15 ta jihar Mississippi, lamarin ya koma hannun jihohi, muryar mazauna jiha tana da tasiri. Dokar da za ta rage kashe rayuka alheri ce ko da ba ta kai inda shari'a ta kai ba, kuma taimakekeniya da waɗanda ba Musulmi ba wajen kare wanda ake zalunta abu ne sananne tun Hilful Fudul, yarjejeniyar da mutanen Makka suka ƙulla kafin annabci don taimakon wanda aka zalunta. Sa hannunki yana nufin kin goyi bayan hanin da ke ciki, ba ya nufin kin halatta abin da aka bari kafin mako 20.

Mai wa'azinku kuwa bai ƙirƙiri maganarsa ba, tana da asali, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya da ya rasu a 1836, ya ce idan ɗan tayi yana raye ba a yanka shi don a ceci uwa, domin mutuwar uwar abin tsammani ce kawai, ba a kashe mutum mai rai saboda tsammani. Wasu manyan malamai na wannan zamani sun bi shi, suka ƙara da cewa wanda aka tilasta wa ya kashe wani ko a kashe shi ba a ba shi izinin kisa ba, to haka uwa. Ina girmama su, amma ban yarda da wannan ra'ayi ba.

Dubi dalilin da Ibn Abidin ya kafa hukuncinsa a kai: tsammani. A zamaninsa gaskiya ya faɗa, ungozoma ba ta da abin da za ta auna ta ce lalle wannan mata mutuwa za ta yi. Yau ana auna hawan jini da aikin ƙoda da hanta, ana ganin ƙwayar cuta ta shiga jini bayan faya ta fashe a wata na biyar, ana ganin mabiyiya ta ɓalle jini yana zuba. Idan dalili ya gushe hukuncin da aka ɗora masa yana gushewa. Wanda ya riƙe lafazin malamin ya saki dalilinsa bai bi shi ba.

Ƙiyasi a kan wanda aka tilasta ma bai zauna ba. Can rayuka biyu ne masu cin gashin kansu, idan ka ƙi kisan ɗayan zai rayu. Nan kuwa ɗan tayin da bai kai kimanin mako 22 zuwa 24 ba ba ya rayuwa a wajen mahaifa, idan uwar ta mutu tare za su tafi. Zaɓin da ke gaban likita a wannan hali shi ne a rasa ɗaya ko a rasa biyu, shari'a kuwa tana ɗaukar ƙaramar cuta don ture babba. Sannan shari'ar kanta ba ta daidaita su ta kowace fuska ba: diyyar ɗan tayin da aka jawo faɗuwarsa matacce gurra ce, wato kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwarsa, kuma gadonsa ajiye shi ake yi sai an haife shi da rai. Rayuwar uwa tabbatacciya ce, ita ce tushe, ga miji da 'ya'ya da haƙƙoƙi a wuyanta. Shi ya sa majalisar Rabita, a wannan matsaya tata, da ta hana zubarwa bayan kwana 120 ko da akwai naƙasa, ta keɓe hali guda: idan kwamitin likitoci amintattu ya tabbatar barin cikin haɗari ne tabbatacce ga ran uwa.

Wannan ba muhawarar littafi ce kawai ba. A 2012 wata mata likitar haƙori ta rasu a ƙasar Ireland tana da cikin mako 17. Ɓari ya riga ya kama hanya, aka jinkirta cire cikin saboda zuciyar ɗan tayin tana bugawa, cuta ta shiga jininta, aka rasa su duka biyu. Don haka keɓewar da mai wa'azinku yake ƙi ita ce ni nake so ku tsaya a kai. Ku nemi a rubuta ta ɓaro-ɓaro, yadda likita ba zai tsaya jiran lauya ba mace tana zubar da jini, kuma yadda ba za a tuhumi wadda ta yi ɓari ba da gangan ba. Amma kada ku yarda a faɗaɗa ta har ta haɗiye dokar, a sa ƙuncin rai da talauci da tsoron surutun mutane a ƙarƙashinta. Kuma idan ciki ya kai lokacin da jariri zai iya rayuwa, abin da ya wajaba shi ne a haifar da shi da wuri a yi ƙoƙarin ceto shi, ba a kashe shi a ciki ba.

Wani abu kuma da nake so ki kai wa jama'ar masallacinku: alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna kimanin kashi 1 cikin 100 ne kawai na zubar da ciki a Amurka ake yi daga mako 21 zuwa sama, kuma a cikin waɗannan akwai matan da sai a hoton mako 18 zuwa 22 suka ji labarin da ya girgiza su. Duk wanda ya sa hannu a hana su, to ya shirya taimaka musu da kuɗin magani da reno da ziyara bayan haihuwa. Kada kuma goyon bayan ƙudiri guda ya ja ku ku rungumi duk abin da wata jam'iyya ta zo da shi.

A wurin aikinki, kada ki sa hannu a zubar da cikin da babu larura a cikinsa, ki sanar da shugabanninki matsayinki a rubuce tun kafin ranar ta zo. Amma jinyar mace bayan an yi, ko ceto wadda take cikin haɗari, wajibinki ne, ba ki da damar juya mata baya. Ki yi magana da maigidanki a daren yau, ku je wurin likita tare. Idan bincike ya fito da wani abu daban da galahanga, ki dawo mini da rubutaccen bayanin likitoci da ainihin kwanakin cikin, kada ki bari a wuce mako 19 kafin ki tambaya.

Wallahu a'alam.