Amsa ga 'yar uwar da cin abincinta ya rikice tun lokacin kulle

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce tun kullen korona kika rasa kan cikinki: yau ki ci kamar ba gobe sannan ki shige ɗaki kina kuka, gobe ki wuni ba ki sa ko loma ba, madubi kuwa ko ta gabansa ba kya son giftawa. Kina tambaya ko akwai wadda ta taɓa shiga wannan hali. Ni na shiga, kuma sai da na kusa shekara kafin na gane ciwo ne.

Malamar makarantar kuɗi ce ni a Kano. An rufe garin ranar 16 ga Afrilu 2020, ranar 24 aka tashi da azumi, ranar 27 Buhari ya ƙara mana mako biyu. Duk wadda ke Kano a lokacin ba sai an tuna mata ba. Kullum ka buɗe WhatsApp sanarwar rasuwa ce, dattijo wane, malam wane, ga shi ba halin zuwa gaisuwa. Maigidana yana Legas, an hana tafiya tsakanin jihohi, albashi ya tsaya, daga ni sai yara uku a gida. Barci ya ƙaurace min. Daga shan ruwa har sahur waya na hannuna, ina jiran alƙaluman masu kamuwa da korona da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ke fitarwa can cikin dare, ɗaya hannun kuma yana cikin kwano. Ragowar tuwo, cincin ɗin yara, garin kwaki da sukari, duk wanda ya samu. Wallahi ba yunwa nake ji ba. Ƙirjina ne ke bugawa, in ina taunawa sai ya ɗan lafa.

Da Sallah ta zo, atamfar da na ɗinka tun kafin azumi ta ƙi shiga. Wata gwaggona ta gan ni ta ce, "Kai, kulle ya karɓe ki, kin yi ɓul-ɓul!" A wajenta yabo ne, kin san mu da son mace mai jiki. Amma a ranar wata ta tambaye ni a gaban mutane wai ciki ne ko tumbi. Maganar gwaggo ta bi iska, ta wannan kuwa da ita na kwana.

A nan ne abin ya yi min wayo, kuma saboda wannan na zauna rubuta miki. Na fake da azumi. Na yi Sitta Shawwal, na yi ramuwa, na kama Litinin da Alhamis, daga baya na koma yau azumi gobe hutu, ba sahur, buɗa-baki dabino da ruwan zafi. Babu wanda ya ce min kanzil, sai ma sam barka, wai Malama ta riƙe ibada. Ni kaɗai na san niyyar da ke zuciyata zip ɗin riga ce. In na ƙuntata wa kaina kwana biyu, dare na uku sai na afka wa tukunya, gari ya waye ina jin kunyar kaina, in ƙara tsananta horon. Na haɗa da shayin rage tumbi da na saya a Instagram. Da yawa daga cikin irin waɗannan shayin filasko ne a ciki, wato maganin gudawa. Kafin ya fara aiki a babban hanji jiki ya riga ya tsotse abincin tun a ƙaramin hanji, don haka ruwa da gishirin jiki kawai yake kwashewa. Ki ga kin saɓule, ki sha ruwa ki koma yadda kike.

Al'adata ta ɗauke wata uku, gashi na zuba in ina taje kai, jiri na ɗibata in na miƙe daga sujada. Na je asibiti da cewa olsa ce. Likitar, Allah Ya saka mata, ta gama saurarena sai ta ce, "Hajiya, yaya barcinki?" Kawai na fashe da kuka. Ta sa aka gwada jinina, aka ga sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa, ta ce gudawa da amai na ganganci ke jawo haka, kuma in ya yi ƙasa sosai bugun zuciya yana iya rikicewa. Da ta ce za ta tura ni sashen masu kula da ƙwaƙwalwa na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce da za a kai ni asibitin Dawanau. Ta yi dariya ta ce yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su koma wajen aikinsu.

Abin da aka ɗora ni a kai ba wani mai wuya ba ne a faɗe, a aikace ne yake da wuya. Ci sau uku a rana a kan lokaci, ko da daren jiya na yi ɓarna, domin yunwar rana ita ke haifar da cin dare. Zubar da shayin. Ajiye azumin nafila har in warke. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, sai da malaminmu na Islamiyya ya tuna min abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr lokacin da ya matsa wa kansa da azumi, cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Sannan zaman tattaunawa, inda muka fi maganar fargabar mutuwa da rashin albashi a kan maganar abinci.

Kada kuma ki ɗauka sai mai son ramewa ke shiga wannan. Wata abokiyar aikina damuwar kullen ramar da ita ta yi, aka fara yi mata kallon mai ciwo, ta koma shan ƙwayar deksa (dexamethasone) don ta yi jiki. Fuska ta kumbura, sukarinta ya hau. Kuma shi deksa in an daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Ba ki faɗa ba ko kina sa kanki amai bayan kin ci. In kina yi, ko kina shan irin shayin nan, ko al'adarki ta tsaya, kada ki bari makon nan ya wuce ba ki ga likita ba, kuma ki gaya masa komai yadda kika rubuta mana, kar ki tsaya a "cikina ke ciwo" kamar yadda na yi. Ki samu mutum ɗaya a gida da za ki riƙa cin abinci tare da shi. Ni ƙanwata ce ta dawo wajena wata biyu.

Har yanzu in hankalina ya tashi ƙafata kan nufi kicin da tsakar dare, sai dai yanzu nakan gane, in kira ƙanwar tawa ko in fita tsakar gida in sha iska. Atamfar Sallar nan kuwa na kai wa tela ya buɗe ta, da ita na je bikin ɗiyar gwaggon tawa.