Hoto biyu a kati ɗaya: yadda ake kallon tsofaffin hotunan jirgin ƙasa mai tururi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya dawo daga Amurka, ya kawo mini tsarabar katuna huɗu na kwali da ya saya a kasuwar kayan da, don ya san ina son jirgin ƙasa. Kowane kati an manna masa hoto biyu na kan jirgi irin mai aiki da wuta da ruwa, kuma a ganina hotunan iri ɗaya ne sak. Mai sayarwa ya ce in aka kalla yadda ya kamata, jirgin zai fito kamar a taɓa shi. Na zuba ido har na gaji, ban ga komai ba. Me ya sa aka yi su biyu, kuma yaya zan yi in ga abin da ake faɗa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Yayanka ya iya zaɓen tsaraba, kuma mai sayarwar bai yi ƙari ba. Hotunan nan biyu ba ɗaya ba ne, sai dai bambancin ƙanƙane ne. Miƙa yatsanka gaba, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle, alhali bangon da ke bayansa bai ko motsa ba. Tsakanin idanun baligi akwai tazarar kusan santimita 6 da rabi, don haka kowane ido da ɓangaren da yake hangowa, kuma da wannan saɓanin ne ƙwaƙwalwa take gane na kusa da na nesa. Kyamarar da ta ɗauki katunanka ido biyu gare ta, a jere kamar na mutum. Hoton hagu na idon hagu ne, na dama na idon dama. Muddin idanunka biyu suna kallon katin gaba ɗaya, hoto biyu za ka yi ta gani. Sai an raba wa kowane ido nasa.

Wani Baturen Ingila, Charles Wheatstone, shi ya fara bayyana wannan a 1838, da zane-zane da madubai. Wani masanin kimiyya, David Brewster, ya mayar da na'urar kallon ƙaramin akwati mai gilasai, aka baje ta a babban bikin baje koli na Landan a 1851, kasuwa ta buɗe. Wadda ta dace da katunanka ita ce ta Oliver Wendell Holmes, likita ɗan Amurka, wadda ya ƙera wajen 1860, aka ƙara inganta ta daga baya: mariƙi, da rumfar da ake kifa wa fuska, da gilasai biyu, da sandar da kati ke zamewa gaba da baya a kanta. Bai yi mata rajistar mallaka ba, kowa ya ƙera, ta yi araha. Sitiriyoskof ake ce mata.

Ni a wurina, cikin duk abin da masu hoton wancan zamani suka ɗauka, babu wanda salon nan ya karɓa kamar kan jirgi. Dutse mai nisa ko sararin fili ba su da wani zurfi a cikin na'urar, domin in abu ya yi nisa idanu biyu kusan abu ɗaya suke gani. Kan jirgi kuwa hawa-hawa ne. Ga ƙarfen gaba mai tsini da ake ture shanu da shi daga kan layi, bayansa ga babbar fitila, sai bututun hayaƙi, sai ƙararrawa, sai doguwar tukunyar ruwa, can ƙarshe ɗakin direba da taragon itace. A hoto guda duk waɗannan sun cakuɗe sun zama baƙin dunƙule. Da zarar hotunan biyu sun haɗu, sai ka ga iska ta shiga tsakaninsu. Sandar ƙarfen da ke juya ƙafafu ta rabu da ƙafafun, kana leƙa ta bayanta, layin dogo kuma ya taso daga ƙarƙashin haɓarka ya nutse can ciki. Mutumin da ke tsaye a gefe, wanda da ba ka lura da shi ba, shi zai nuna maka tsayin ƙafar jirgin.

Kamfanonin jirgin sun san da haka. Lokacin da ake shimfiɗa layin da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, kamfanin Central Pacific ya ɗauki Alfred Hart, wanda ya fitar da katuna 364 na aikin, tun daga Sakaramento, ta tsaunukan Siyera Nebada inda leburori 'yan Sin suka fasa duwatsu, har zuwa Yuta. Daga baya dodon hotunan ya koma hannun Carleton Watkins, ya ci gaba da buga su da sunansa, shi ya sa za ka iya cin karo da hoto ɗaya mai sunaye biyu. Wani mai hoton, Andrew Russell, kuma ya bi ɓangaren ɗaya kamfanin, Union Pacific, wanda ya taso da layinsa daga gabas. Ranar 10 ga Mayu 1869 layukan biyu suka haɗu a Promontory, cikin Yuta, kan jirgi biyu suka tsaya hanci da hanci: Jupiter da mai lamba 119. Dubi bututunsu in ka sami hoton. Na Jupiter faffaɗa ne kamar mazurari, domin itace yake ci, kuma an sa raga a ciki ta tare tartsatsi kada daji ya kama. Na 119 miƙaƙƙe ne siriri, domin kwal yake ci. Ka duba katunanka da wannan, galibi bututu zai gaya maka abin da jirgin ke ƙonawa. Jupiter da 119 dukansu biyu an sare su an sayar da ƙarfen a farkon ƙarni na 20, waɗanda ke wurin yanzu kwaikwayo ne da aka kammala a 1979. Saboda haka hotunan nan su ne shaidar da ta rage.

Akwai abin da za ka lura da shi a katunan shekarun 1860: jiragen duk a tsaye suke, sama fari fat, hayaƙi kuma ko dai babu shi ko ya zama hazo. Mai hoto a lokacin farantin gilashi yake shafa wa magani, ya ɗauka, ya wanke tun bai bushe ba, cikin 'yan mintuna, shi ya sa yake yawo da ɗakin duhunsa a keken doki ko a tarago. Ɗaukar kan ci daƙiƙoƙi, abin da ya motsa ya ɓace. Maganin kuma shuɗi ya fi gani, ja da rawaya sai su fito baƙi. Kada duhun hoton ya sa ka zaci jiragen baƙaƙe ne. Ado ake yi musu sosai, fenti ja da shuɗi, ga tagulla tana walƙiya.

To, yaya za ka kalla? In da hali, a nemo maka na'urar Holmes, tsohuwa ko sabuwar ƙira, ana samun su a intanet. Sa katin, ka kifa fuska, ka ja shi a hankali har ya fito tangaran. Gilasan nata suna kawar da kallon kowane ido waje kaɗan, domin hotunan katin sun fi idanun mutum tazara, kuma wannan ne ya sa ka sha wahala da ido tsirara.

In babu na'ura, wayarka ta isa. Ɗauki hoton katin a miƙe, ba a karkace ba, ka kwantar da wayar, ka rage girman har tazarar da ke tsakanin fitilar hagu da fitilar dama ta zama kamar santimita 6. Tsayar da kwali mai tsawon taƙi guda a kan layin da ya raba hotunan, ka ɗora hancinka a bakinsa. Sannan ka saki idanu kamar kana hangen wani abu can bayan wayar. Hotunan za su fara matsowa juna. Kada ka bi su da ido, ka bar su su haɗu da kansu. Tabarau na karatu yana taimakawa in kusancin ya sa hoton ya dushe. Karon farko yakan ɗauki lokaci, amma in ido ya gane hanya ba ya mantawa. In kai ya fara sarawa, ka ajiye sai anjima.

Wasu sukan harɗe idanu maimakon su sake su. Wannan ma hanya ce, amma sai an musanya hotunan, na hagu ya koma dama. In ba a yi ba, zurfin zai juye, tukunyar jirgi ta lotsa ciki, dutsen baya ya taso gaba. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta, StereoPhoto Maker, da ke musanyawa, tana kuma haɗa hotunan a kalla da tabarau mai ja da shuɗi. Akwai kuma masu sa hotunan biyu su riƙa sauyawa da sauri, jirgin yana rawa. Wannan na ƙarshe ba na son shi. Yana nuna akwai zurfi, amma ba ya barin ido ya zauna ya zagaya cikin hoton, alhali don haka aka yi katin.

In ka bi duk wannan hoton ya haɗu amma ya tsaya shafal, wataƙila laifin katin ne, domin akwai masu arahar bugu da suke manna hoto ɗaya sau biyu. Gwada shi: zaɓi abu na kusa, ka duba inda ya faɗa a jikin abin da ke bayansa a hagu da dama. In babu bambanci ko kaɗan, kwafi ne. Mai harara-garke ko wanda ido ɗaya ya yi masa rauni sosai shi ma ba lalle ya ga zurfin ba.

Juya katunan ka duba bayansu. Kati shimfiɗaɗɗe ya fi tsufa, mai ɗan lanƙwasa na daga shekarun 1880 ne zuwa gaba, irin na kamfanonin Underwood & Underwood da Keystone. In ka ga kan sarkin haraji a manne, an sayar da katin tsakanin 1864 da 1866, lokacin da gwamnatin Amurka ta sa wa hotuna haraji don kuɗin yaƙin basasa. Yawancin tsofaffin an buga su ne a takardar da aka shafa wa farin ƙwai, hasken rana yana cinye su, laima kuma tana kawo fumfuna. Ka riƙe su ta gefe, kada ka goge da ruwa, kada ka kai a liƙe su da leda mai zafi, kuma da damina ka sa su cikin akwati a wuri busasshe. In huɗun nan ba su ishe ka ba, ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka da na birnin New York sun sa dubban irinsu a shafukansu kyauta, ka sauke ka gwada da kwalin nan naka.