Stock ɗin da ka tambaya, da romon da aka sheƙa min a kwata

Ka turo min saƙo wai ka ga an rubuta stock a takardar girkin da ke bangon kicin, sannan ka ji sitokifa yana cewa ranar Asabar za a yi stock, kana tambaya ko abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, yaro. Na sitokifa kayan da ke sito ne, buhunan shinkafa da jarkokin mai, ƙirga su zai yi. Namu na kicin romo ne, ruwan ƙashi da aka dafa da albasa da karas da seleri. Magin da kuke marmasawa a komai, shi Bature ke ce wa stock cube, romo ne wai aka busar aka dunƙule, amma gishiri ya fi yawa a ciki. Busasshen kifin Norwe da Ibo ke kira okporoko shi ma stockfish ne sunansa, kuma ba ruwansa da romo.

Da ba zan amsa ba, don ni ba ƙamus ba ne, amma ka taɓo min tsohon miki.

Lokacin ina babban kuku a wani otal a Kaduna, aka kawo mana aikin liyafar Turawan wani kamfanin gine-gine. Tun dare na sa aka kawo ƙashin sa kilo 20, na gasa shi a oben har ya yi ja, na zuba a babbar tukunya da ruwan sanyi. Awa 8 yana kan wuta ƙasa-ƙasa, ina tsaye ina kwashe kumfa da ludayi. Da na tace shi, kana hango gindin tukunya, ƙamshi har wajen masu gadi.

To manaja ya riga ya cusa min ɗan ƙanwar matarsa, wai ya gama makarantar girki, ga satifiket, ga farar hula doguwa. Hausa ma ba ya so a yi masa a kicin. Zan fita sallar La'asar, sai na ce masa da Turancin da yake taƙama da shi, reduce the stock, ya koma rabi. Duk wanda ya taɓa riƙe ludayi ya san ma'anar wannan: ka buɗe murfi, ka bar shi a wuta ruwan ya ƙone, romo ya yi kauri. Na dawo na tarar ɗan nan ya kinkimi tukunya shi da mai wanke-wanke, sun sheƙa rabi a kwata. Wai ai ragewa na ce. Sauran rabin kuma ya ɗanɗana ya ji lami, ya ɗura masa gishiri da magi. Ka ga ya kashe shi ke nan, don in na ƙara ƙona shi gishirin ne zai taru, ba mai iya kai shi baki. Haka aka kai wa Turawa gasasshen nama da miya tsululu. Manaja ya kira ni ofis, ya zaftare min rabin albashin wata, shi kuwa ɗan gata ko harara ba a yi masa ba. Yau yana TikTok yana kiran kansa chef, 'yan uwanka suna ta yaba masa. Allah ya isa kuɗina.

Yadda ake wanke ƙashi da yanka albasa ba zan ɓata bakina a kai ba. Abin da za ka riƙe: gishiri ba ya shiga stock sai an gama rage shi. Kada ka bar shi ya yi ta zaɓalɓala, zai gurɓace, kitse ya cakuɗe da ruwan. Na kaza awa 3 zuwa 4 ya isa. Na kifi minti 30 ka sauke, in ya wuce haka ɗaci yake yi. In kana so ka san ya yi, sa kaɗan a firij. Ya kamata ya daskare yana rawa kamar romon ƙafar saniya da ya kwana a hunturu.

Ku yaran yanzu tukunyar awa 8 ba ku da haƙurinta, waya tana hannu. Gobe ka biya wajen mahauci da sassafe, ƙashin gwiwa nake so, kuma kada ka bari ya haɗa maka da kitse.