Aiki a Jidda: in tafi da iyalina ko in bar su a Sakkwato?

Tambaya: Ni ma'aikacin jinya ne a Mabera, Sakkwato. Wani asibiti mai zaman kansa a Jidda ya yi mini tayin riyal 5,000 a wata. Ina da mata da 'ya'ya uku. Kuɗin zai riƙe mu? Yaya zaman can yake ga baƙo?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri. Ka daina juya riyal ɗin nan zuwa naira a ranka, domin a Jidda za ka kashe shi, da farashin Jidda.

Abin da ya fi cin albashin mai iyali shi ne kuɗin da Saudiyya ke karɓa a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. An fara shi a 2017 da riyal 100, ya kai 400 a wata tun 2020. Mutum huɗu gare ka, wato riyal 1,600 kowane wata, 19,200 a shekara, tun ba a ɗora tukunya ba. Ga harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari. Haya kuma akasari ta wata shida ko shekara ake nema gaba ɗaya. 'Ya'yan baƙi yawanci makarantun kuɗi suke shiga. Basakkwace ya san zafi, amma na Jidda da gumin teku yake zuwa, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, kuɗin wuta ya hau.

Saboda haka ka duba takardar kwantiragi da idon basira. Akwai gida ko kuɗin gida? Inshorar lafiya ta haɗa da iyali? Tikitin hutu fa? In babu gida a ciki, riyal 5,000 ba za ta riƙe mutum biyar cikin rufin asiri ba. Fasfo ɗinka kuma ya zauna a hannunka, doka ba ta ba kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ikon riƙe shi ba.

Zaman jama'a shi ne abin da mutane ke raina wa, kuma ya fi damuna. A nan bayan la'asar ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, majalisa ta haɗu, uwargida kuma maƙwabta na shigowa da sallama. A can bene ne, kowa ya ja ƙofarsa. Kai kana da abokan aiki, ita kuwa wuni za ta yi da bango huɗu, babu suna babu biki. Sauƙin abin shi ne Jidda da Makka cike suke da Hausawa, har da jikokin alhazan da suka taka ta Chadi da Sudan suka zauna. Ta masallaci da wuraren abincinmu ake samunsu, kuma ɗan Larabcin kasuwa na buɗe ƙofofi da yawa.

Shawarata, ka fara tafiya kai kaɗai. Ka yi shekara guda, ka san haya da makaranta da idonka, ka tara kuɗin igamarsu. A tsakani kana iya nema musu bizar ziyara, uwargida ta ga wurin, sannan ku yanke shawara tare.