Gaisuwa kafin ciniki a Gaya da Malanville

Ɗan'uwa, kana tambaya ko sai ka koyi gaisuwar Zabarmanci ko Dandanci kafin ka fara zuwa sari Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin, tunda can ma ana jin Hausa. E, ka koya. Ba sai ka iya yaren ba, ko "fofo", wato sannu, kaɗai ka riƙe, ka faɗe ta da sakin fuska kafin ka taɓa kayan mutum.

Ni ta Kamba ta jihar Kebbi nake bi. Farkon zuwana Malanville na tsaya gaban wata dattijuwa mai albasa, na hau jijjiga buhu ina tayi da ƙarfi, har da mitar tsadar sefa, sai ka ce ita ta karya naira. Ta kau da kai ta ci gaba da tsince ruɓaɓɓu, kamar ba kowa a gabanta, alhali Hausa tana ji sarai. Direbanmu ne ya ja ni gefe ya ce ban gaishe ta ba. Kasuwa ta gaba na rusuna na ce "fofo, Inna," na tambayi mutanen gida. Yanzu a rumfarta nake barin kayana in na tafi neman mota.